Neman wata tsohuwar waƙa kan talauci da marubucinta

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai game da wata waƙa da marigayi kakana yakan rera bayan sallar isha'i, daga wasu takardun ajami da yake adanawa cikin gafaka. Takardun sun salwanta, ma'anar waƙar kawai na riƙe: matalauci ko gaskiya ya faɗa ba mai saurarensa, mawadaci kuwa ko shirme ya yi sai a gyaɗa masa kai. Kakan namu yakan ce mai waƙar malamin Salaga ne. Shin akwai wanda ya san ta?

Malamin Nima:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho. Bayaninka ya yi daidai da Waƙar Talauci da Wadata ta Alhaji Umaru, wanda wasu ke jingina shi ga Salaga, wasu ga Kete-Krachi (garuruwa biyu ne a Ghana ta yau), kuma duka sun yi gaskiya. A Kano aka haife shi wajen 1858. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, don haka ya taso yana haɗa karatu da fatauci a hanyar goro ta Gwanja, har ya zauna a Salaga. Da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, sai daga baya ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take hannun Jamusawa, ya zama limaminta, a can kuma ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausa, har da waƙoƙi kan zuwan Nasara da kan annobar murar 1918. Abin takaici ne a ce yaranmu na zango sun san mawaƙan ko'ina amma ba su san sunan wannan bawan Allah ba.

Hajiyar Madina:
Na yarda da Malam, sai dai ɗana, kada ka yi saurin yanke hukunci, domin malamai da dama sun yi wa'azi a kan talauci, kuma waƙar da ta bi hannun almajirai masu kwafa takan samu ƙari da ragi. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960, akwai na Alhaji Umaru da yawa a ciki. Kafin ka je, ka zauna da dattawan gidanku, ko baiti ɗaya aka tuno ka rubuta shi tare da amsa-amonsa, domin da shi za ka gwada.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Gwaggona tana raye, kuma ita ce ta fi zama kusa da shi idan yana rerawa. Zan fara da ita ranar Juma'a in sha Allahu, sannan in nufi Legon da abin da na samu.