Istrojin da zuciyar mata: Barrett-Connor ta ɓatar da likitoci ne, ko ita ta dawo da su kan hanya?

Likitan zuciya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka ambaci marigayiya Farfesa Elizabeth Barrett-Connor ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, abin da ake fara faɗa shi ne ta bar takardun bincike sama da 1,000 kafin rasuwarta a 2019. Ni a ganina yawa ba hujja ba ne. Mafi tasirin abin da ta rubuta kan homon da zuciya, kuskure ne. A 1987 ita da Trudy Bush suka buga binciken mata 2,270, 'yan shekara 40 zuwa 69, da aka bi su kusan shekara takwas da rabi. Suka ce masu shan istrojin, wato homon mata, bayan ɗaukewar al'ada, mutuwarsu ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini kusan sulusin ta marasa sha ce. A 1991 kuma suka rubuta a mujallar JAMA cewa galibin bincike na nuna haɗarin ya ragu da kusan rabi. Da irin waɗannan takardu aka rubuta wa miliyoyin mata a Amurka Premarin, wato ƙwayar istrojin, domin kare zuciya, kuma bai kare ta ba.

Malamin ƙididdiga: Wa alaikumus salam, Likita. Ka karanta takardar 1991 ɗin har ƙarshe kuwa? A cikinta sun ce sai an tabbatar da wannan sakamako da gwajin da ake raba mata ta hanyar ƙuri'a, wanda likita da marar lafiya duk ba su san wa ke shan magani, wa ke shan ƙwayar wofi ba. A wannan shekarar ce kuma ta buga wata takarda a Annals of Internal Medicine kan matan Rancho Bernardo, wata unguwa a San Diego, inda ta nuna masu shan istrojin sun fi sauran zuwa awo da kula da lafiyarsu tun asali. Wato da hannunta ta nuna ramin da ke ƙarƙashin hujjar.

Likitan zuciya: Ta nuna ramin, amma likitan da ke gaban marar lafiya "rabi" ya riƙe, ba sharaɗin da ke ƙasa ba.

Malamin ƙididdiga: To laifin mai karatu ne ko na mai rubutu? Bari in faɗi girman wannan ramin, domin ana raina shi. A gwajin Coronary Drug Project da aka yi kan maza a Amurka, an duba waɗanda ke rukunin ƙwayar wofi kaɗai. Masu shanta a kan ƙa'ida, kusan kashi 15 cikin ɗari suka mutu cikin shekara biyar. Masu wasa da ita, kusan kashi 28. Ƙwayar babu komai a cikinta. Mutumin da ke shan magani kullum ba fashi, shi ne mai rage taba, mai komawa asibiti ranar da aka ce ya koma, mai abin hannu. Haka macen da ta shekara goma tana shan istrojin. Ƙari a kan haka, likitocin wancan lokaci ba sa rubuta wa mai hawan jini ko ciwon suga ko mai tarihin gudan jini, saboda haka tun daga bakin ƙofa an tace masu lafiya an zuba su a rukunin masu sha. Ko wane irin gyara ka yi da lissafi, abin da ka auna kawai kake iya cirewa.

Likitar mata: Ina so mu tsaya kan kolastarol, domin nan ne abin ya yi kama da gaskiya har ya ruɗi kowa. Gwajin PEPI na 1995, wanda Barrett-Connor tana cikin jagororinsa, ya ɗauki mata 875, 'yan 45 zuwa 64, na shekara uku, aka kasa su biyar. Rukuni ɗaya ƙwayar wofi. Ɗaya istrojin miligiram 0.625 shi kaɗai. Biyu an haɗa musu da MPA, wani homon haɗi mai kare bangon mahaifa, ko dai miligiram 10 na kwana 12 a wata, ko 2.5 kullum. Na ƙarshe an haɗa musu da furojestaron, homon da ke yin wannan aiki a jikin mace, miligiram 200 na kwana 12. HDL, wanda muke kira kolastarol mai kyau, ya hau da kusan maki 5.6 ga masu istrojin kaɗai, 4.1 ga masu furojestaron, amma bai kai 2 ba ga masu MPA. LDL, kolastarol marar kyau, ya sauka da maki 14 zuwa 18 a duk rukunonin magani. A takardar awo, abin gwanin sha'awa. Sai dai kitsen jini da ake kira tiragilisarid ya hau, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na masu mahaifa da suka sha istrojin shi kaɗai, bangon mahaifarsu ya yi irin kaurin da ke iya rikiɗewa sankara. Wannan darasi har gobe da shi muke aiki: mace mai mahaifa ba a ba ta istrojin tsura.

Likitan zuciya: Kin taya ni, Hajiya. PEPI maki ya auna, bai ƙirga bugun zuciya ko gawa ba. Kama da Wane ba ta Wane.

Likitar mata: Ba a tsara shi don ya ƙirga ba, mata 875 ba su isa ba. Wanda aka tsara don haka shi ne gwajin HERS, kuma Barrett-Connor tana cikin masu gudanar da shi. Mata 2,763 masu ciwon zuciya tun da farko, matsakaicin shekarunsu kusan 67, an bi su shekara huɗu da 'yan kai. LDL ya ragu da kashi 11, HDL ya ƙaru da kashi 10, daidai yadda ake fata. Da aka ƙirga bugun zuciya da mutuwa ta dalilinsa, 172 a masu magani, 176 a masu ƙwayar wofi. Babu bambanci. A shekarar farko ma masu magani sun fi da kusan rabi. Gudan jini a jijiya kuwa 34 da 12. An buga wannan a 1998, shekara huɗu kafin WHI, babban gwajin homon mata na Amurka, ya girgiza duniya a 2002.

Mai harhaɗa magunguna: In ƙara dalilin da ya sa maki ya gyaru amma mutum bai tsira ba. Premarin daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi, kuma haɗiyarsa ake yi. Duk abin da aka haɗiya, daga hanji hanta yake fara sauka kafin ya zaga jiki. A hantar istrojin yana ƙara ƙofofin da ke kwashe LDL daga jini, yana kuma rage sinadarin da ke farfasa HDL, shi ya sa takardar awo ke kyau. A wannan hantar dai yake ƙara sinadaran daskarar da jini, ya rage masu hana shi daskarewa, ya ɗaga CRP, wato alamar kumburi a jini, da tiragilisarid. Idan jijiyar zuciyar mace ta riga ta tara kitse mai ɓawo a bangonta, abin da ke kashe ta shi ne ɓawon ya tsage gudan jini ya toshe wurin cikin mintoci. Raguwar LDL shekaru take ɗauka kafin ta yi amfani, saurin daskarewar jini kuwa cikin makonni yake farawa. Wannan ya dace da abin da aka gani a shekarar farko ta HERS.

Malamin ƙididdiga: Kuma HDL kansa ya sha kaye daga baya. Wani magani mai suna torcetrapib ya ɗaga shi da sama da kashi 70 a gwajin mutum 15,000, aka dakatar a ƙarshen 2006 saboda masu shansa sun fi mutuwa.

Likitan zuciya: To ga abin da ya fi damuna, Malam, kuma ba ku taɓa shi ba: maimaitawa. A 1986 Barrett-Connor ta buga a New England Journal of Medicine cewa cikin maza 242 na Rancho Bernardo, masu ƙarancin homon DHEAS sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Masu sayar da ƙwayoyin DHEA sun daɗe suna cin kasuwa da wannan. A 2002 ta buga cewa a gwajin MORE, cikin mata 7,705, wani ɓangare na 1,035 masu babban haɗari sun sami ragin kashi 40 na ciwon zuciya da jijiyoyin jini da raloxifene, maganin ƙashi mai aiki kama da istrojin. Sau uku ke nan ana daka tsalle kan alama.

Malamin ƙididdiga: Sau uku kuma ana komawa a gwada. Kan DHEAS, ita ce ta ba da rahoton cewa ba a ga haka a mata ba, kuma da aka faɗaɗa binciken mazan daga baya ta buga cewa alaƙar ta yi rauni sosai. Kan raloxifene, sunanta ne na farko a takardar gwajin RUTH ta 2006: mata 10,101, miligiram 60 kullum, shekara biyar da rabi. Ciwon zuciya 533 a masu magani da 553 a masu ƙwayar wofi, babu kariya. Sankarar mama ta ragu, 40 da 70. Amma shanyewar ɓarin jiki mai kisa 59 da 39, gudan jini 103 da 71. Ragin kashi 40 ɗin nan ya ɓace, domin in ka yanyanka gwaji gida-gida, dole wani gida ya yi kyau bisa sa'a kawai. Masu bincike nawa ne za su ja ragamar gwajin da zai iya rushe takardarsu ta shekara huɗu baya, su kuma sa sunansu a gaba?

Likitar mata: Ni ma ina da inda na saɓa da ku duka biyu. Kuna magana kamar an rufe littafin a 2002. WHI ya ɗauki mata 16,608, aka tsayar bayan shekara 5.2. A kowace mata 10,000 a shekara, an sami ƙarin bugun zuciya 7, shanyewar jiki 8, gudan jini a huhu 8, sankarar mama 8, da ragin karayar ƙugu 5. Amma matsakaicin shekarunsu 63 ne, da yawansu sun haura shekara goma da ɗaukewar al'ada. A ɓangaren istrojin kaɗai, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa, ciwon zuciya bai ƙaru ba, shanyewar jiki ce ta ƙaru. Gwajin ELITE na 2016, mata 643, ya nuna istradayol, wani nau'in istrojin, yana rage saurin kaurin jijiyar wuya ga waɗanda ba su kai shekara shida da ɗaukewa ba, bai yi komai ba ga waɗanda suka kai goma. Matan da aka gani a binciken farko, galibi da wuri suka fara sha.

Likitan zuciya: Kaurin jijiyar wuya ma alama ce, Hajiya. Kada mu sake faɗawa ramin HDL da sabon suna.

Likitar mata: Na yarda, shi ya sa ba na cewa a rubuta shi don zuciya. Cewa nake kada tsoron 2002 ya hana 'yar shekara 51 da zufa da zafin jiki ke hana ta barci magani. A auna hawan jininta, suga da tiragilisarid, a tambayi tarihin gudan jini, shanyewar jiki, ciwon hanta da sankarar mama, a binciki duk wani zubar jini da ba a san dalilinsa ba kafin a fara. Idan LDL ɗinta ne ya hau, maganinsa statin, ƙwayar rage kolastarol, ba homon ba.

Mai harhaɗa magunguna: Idan tana da ƙiba ko tiragilisarid ɗinta ya hau, na mannawa a fata ko na shafawa ya fi dacewa, domin ba ya fara bi ta hanta. Sai dai a sani, hujjar cewa ya fi ƙarancin gudan jini daga binciken sa-ido ta fi fitowa, irin wanda muke ta suka tun ɗazu.

Malamin ƙididdiga: Akwai gibi ɗaya da na amince wa Likita da shi ba gardama. Rancho Bernardo unguwar fararen fata ce masu rufin asiri, an fara bin su tun 1972. Haɗarin da aka lissafa a can ba za a ɗauko shi yadda yake a ɗora wa macen Kano ko Maraɗi mai haihuwa takwas da hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba.

Likitan zuciya: A nan mun haɗu. Kan RUTH ma na sauko, wannan aiki ne na mai gaskiya. Amma takardar 1987 har yanzu ina ganin lambar da ta fitar ta yi girman da ya kamata ta sa su shakka tun a ranar. Ragin kashi biyu bisa uku, ko statin bai taɓa yin haka ba.

Likitar mata: A 1987 ɗin ne statin na farko, lovastatin, ya sami izinin shiga kasuwa a Amurka, Likita. Babban gwajin da ya nuna statin yana rage mutuwa, 4S, sai 1994. Ma'aunin da kake riƙe da shi yanzu ba ya hannunsu a lokacin.