Kifin zinari da ƙananan kifayen ruwan ɗumi a tanki ɗaya

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi mai cin lita 60 da kifin zinari biyu, kowanne bai wuce tsawon babban yatsana ba. Yarana sun ga ƙananan kifayen nan masu layin shuɗi da ja, niyon tetra, sun nace sai an kawo musu. Wanda ya sayar mini ya ce in zuba su tare, wai kifi ai kifi ne. Me kuka gani?

Mai Gupi: Wa alaikumus salam. Hajiya, zuba abinki. Wata bakwai ke nan kifin zinarina yana zaune da gupi takwas, wasu ƙananan kifayen ado masu launi-launi, ko ɗaya bai ɓata ba. Kifin zinari ba mafaɗaci ba ne, ba ya kora, ba ya cizo. Mutane ne kawai ke tsananta abin.

Dattijon Tanki: Ƙanena, ban yarda ba. Kifin zinari dangin kifin kaf ne, mutanen Sin suka fara kiwonsa a tafkuna sama da shekara dubu da ta wuce, kuma ya fi sakewa a ruwa mai sanyi-sanyi, digiri 18 zuwa 22. Niyon tetra kuwa daga ƙoramun Amazon ya fito, gupi daga arewacin Kudancin Amurka da tsibirin Tirinidad, duk masu son digiri 24 zuwa 27. Ma'aunin zafi ɗaya ne a tankin. Duk inda ka tsayar da shi, akwai wanda ka ƙwara.

Mai Gupi: Baba, da girmanka, amma wannan hujjar ba ta kama ni ba. Ruwana yana kan 25 ko ban kunna hita ba. Kifin zinari yana rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara, yana kuma jure ruwa mai ɗumi. Kifin da ya jure wannan, digiri uku ne zai kashe shi?

Dattijon Tanki: Ba zai kashe shi yau ba, wannan na ba ka. Amma ka san abin da ɗumi ke yi masa? Jikinsa yana ƙara gudu, ya ƙara ci, ya ƙara kashi, ya ƙara neman iska, alhali ruwan ɗumi bai riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi ba. Kifin da ke kai shekara 10 zuwa 20 idan ya samu kulawa, ba da wata bakwai ake auna lafiyarsa ba. Akwai wani a Ingila da ake kira Tish, sai da ya shekara 43 kafin ya mutu a 1999.

Maman Tagwaye: Ku bar maganar zafi tukuna, ni abin da idona ya gani zan faɗa. Niyon goma na zuba, lokacin kifin zinarina yana ƙarami. Suka yi kusan shekara lafiya lau, har ina faɗa wa mutane irin abin da Malam Mai Gupi yake faɗa yanzu. Wata rana da safe na ƙirga, tara. Na duba bayan duwatsu, na duba ƙasa ko ya yi tsalle ya fito, babu. Bayan mako biyu, bakwai. Ran nan da asuba na kunna fitilar tankin, sai ga babban yana yawo a hankali, 'yar jela mai ja tana leƙowa daga bakinsa, yana ta haɗiya. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Bai taɓa korar kowa ba, gaskiyarka Malam. Bakinsa ne ya girma. Da dare niyon suna sauka ƙasa su yi lamo, launinsu ya dushe, shi kuma yana bin ƙasa yana zuƙar duk abin da ya tarar.

Ɗan Kimiyya: Abin da Anti ta gani shi ne asalin zancen. Niyon bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, iyakarsa ke nan. Kifin zinari mai ƙwalliyar jela yana kai 15 zuwa 20, na gama-gari kuma ya kai 30. Haƙoransa a maƙogwaro suke, kuma ba shi da tumbi irin wanda ke tara abinci, shi ya sa kullum cikin kiwo yake. Yaya Mai Gupi, in tambaye ka: gupi ba ƙwai take yi ba, haihuwa take, kusan kowane wata. A wata bakwai, 'ya'ya nawa ka gani sun girma?

Mai Gupi: Ko ɗaya. Amma kada ka ɗora wa kifin zinari shi kaɗai, gupi ma tana cin 'ya'yanta. Wannan kowa ya sani.

Ɗan Kimiyya: Haka ne, ban musa ba. To ga wata. Abin da kifi ke fitarwa yana zama amoniya, ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin filta, wato matacin ruwan tanki, su juya shi zuwa naitirait, sannan naitiret. Kifin zinari yana fitar da shi da yawa, kuma dafin amoniya yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. Kifin zinari yana da juriya. Niyon ba shi da ita, shi zai fara kwanciya. A lita 60 da kifin zinari biyu, tankin Hajiya ya riga ya cika tun kafin a ƙara kowa.

Sabuwar Shiga: Ikon Allah. Ni da nake ganin tankin ya yi musu yawa.

Dattijon Tanki: 'Yata, abin da masu kiwo suka saba bi shi ne kamar lita 75 ga na farko, a ƙara wajen 40 ga kowane na gaba, kuma wannan ga masu ƙwalliyar jela ne. In yara sun matsa, akwai wani ƙaramin kifi ɗan tsaunin Baiyun na ƙasar Sin da ke son ruwa mai sanyi, akwai kuma zebra daniyo mai saurin gudu. Su ma ban ce sun tsira ba. Abin da nake roƙonki, kada ki sa koridoras, wani ƙaramin kifi mai gashin baki da ke kiwo a ƙasan tanki: yana da ƙaya a fiffikensa, idan kifin zinari ya haɗiye shi sai ta maƙale masa a wuya, a yi asarar biyun.

Mai Gupi: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana cewa a babban tanki mai ciyayi da maɓoya abin zai yiwu. Amma zan auna nawa yau, in ya haura santimita 10 zan raba su.

Maman Tagwaye: Ka auna bakin, Malam, ba jikin ba.

Sabuwar Shiga: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan nemi babban tanki in mayar da na zinarin, wannan na lita 60 in sa masa hita in bar wa niyon. Baba, filtar da ke ciki yanzu, wanne zan bar wa ita, tsohon tankin ko sabon?