Neman shawara: tankin kifi na gilas mai shekara 12, in karɓa ko in haƙura?

Mai tambaya (Kaduna):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon kifin ado da masu aikin gilas ku taimaka min da shawara. Yayana zai koma Abuja da iyalinsa, ya ce in zo in ɗauki tankin kifinsa na falo kyauta. Babba ne, tsawonsa santimita 150, faɗi 60, tsayi 60. A 2012 aka haɗa masa shi, ya yi amfani da shi shekara goma, daga baya ya kwashe kifin ya ajiye shi a sito ba ruwa. A ido dai gilas ɗin lafiya lau, ban ga tsaga ba.

Damuwata ita ce, wai irin wannan tankin shekara nawa yake yi kafin ya fara yoyo ko ya fashe? Gidan haya nake, a hawa na sama, kuma ina da yaro mai rarrafe. Maman yara ta ce sam ba ta yarda ba sai na tambayi waɗanda suka sani. Na daɗe ina son abin nan, amma ba na so in shigo da fitina cikin gida. Na gode.

Mai aikin gilas (Kano):
Wa alaikumus salam Malam. Maman yara ta yi gaskiya. Gilas ba ya tsufa yadda mutane suke zato. In bai ɓantare a gefe ba, bai yi mugun karce ba, zai yi shekaru da yawa yana nan yadda yake. Abin da yake tsufa shi ne silikon ɗin da ya riƙe fallayen gilas ɗin. Mu a harkar nan mukan ƙiyasta masa shekara 10 zuwa 15, aikin da aka yi da kyau kuma aka kula da shi yana iya haura 20. Naka ya shiga shekarun da ake sa ido.

Silikon ɗin tanki kashi biyu ne, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke dubawa. Akwai wanda aka shafa a lungu ta ciki, wanda za ka iya taɓawa da yatsa. Aikin wannan tare ruwa ne. Akwai kuma siririn da yake tsakanin gilas da gilas, inda bakin falle ɗaya ya zauna a jikin ɗayan. Shi ne yake ɗauke da nauyin ruwan gaba ɗaya. In na lungu ya lalace, tanki zai yi ta ɗiga, ka ga damshi, ka samu lokacin kwashe kifi. In na tsakani ya saki, falle guda ne zai buɗe a lokaci ɗaya.

Ka je da tocila da daddare. Ka haska kowace mahaɗa daga waje, ka bi ta a hankali tun daga sama har ƙasa. Mahaɗa mai lafiya launinta ɗaya ne, ba gibi. In ka ga ƙananan kumfa a jere, ko wani wuri ya yi fari-fari kamar hazo, ko gansakuka ta kutsa har cikin tsakanin, to silikon ya fara rabuwa da gilas a wurin. Ka fi mai da hankali ga kusurwoyin ƙasa, don a can ruwa ya fi matsawa. Sannan ka sa farce a bakin silikon na lungu, in yana ɗagowa ko yana marmashewa ka faɗa mana. Ka auna min kaurin gilas ɗin ma, ka kuma duba ko akwai sandar gilas da aka gitta a sama daga gaba zuwa baya.

Uwar gida (Zariya):
Ni dai kada a tsorata bawan Allah. Namu tun 2008 yake a falo, kusan girman wannan, har yau ko ɗigo bai taɓa yi ba. Amma gaskiya tun ranar da aka ɗora shi ba a taɓa matsar da shi ba, ko fenti za a yi sai dai a lulluɓe shi. Kuma ban yarda kowa ya sa reza kusa da lungunansa in ana kankare gansakuka ba, da soso mai laushi nake bin wurin da kaina. Ɗan uwa, in ka duba ka ga lafiya, ka karɓi abinka. Yarana da kallon kifin nan suka tashi, babu abin da yake kwantar da rigimar yaro kamarsa.

Mai aikin gilas (Kano):
Hajiya, ai ke kika faɗi dalilin daɗewar naki. Zama wuri ɗaya, cike da ruwa, a kan abin da bai karkace ba. Nasa kuwa an sauke shi, an kai shi sito, ya sha zafin kwano a bazara da sanyin dare a hunturu shekara biyu, yanzu za a sake ɗora shi a mota a hau bene da shi. Duk ɗaukar da aka yi wa babban tanki sai ya ɗan murɗe, kuma mahaɗar ce take shan murɗawar. Shi ya sa tankuna biyu masu shekaru ɗaya, wani yana nan garau wani ya gama aiki.

Injiniyan gini (Abuja):
Malam, maganar hawa na sama ce ta tsayar da ni. Mu yi lissafi. 150 sau 60 sau 60 ya ba da lita 540. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga kilo 540 ke nan. Gilas ɗin kansa, in mai kaurin milimita 10 ne, zai kai kilo 85. Ƙara tsakuwa da duwatsun ado da teburin da zai ɗauka, ka doshi kilo 700. Buhun siminti 14 ke nan a tare, a kan fili da bai kai murabba'in mita ɗaya ba, kuma ba na kwana ɗaya ba, na shekaru.

Benen kankare da aka zuba bisa ƙa'ida yakan iya ɗaukar wannan in aka ajiye shi jikin bango mai ɗaukar nauyi ko a saman bim, wato ƙaƙƙarfan kankaren da aka gitta yana tallafe da benen. Kada a sa shi a tsakiyar ɗaki, kada kuma a kai shi baranda mai fitowa waje. Amma ni ban ga gininku ba, kuma mun san yadda ake rage rodi da siminti a wasu gidajen haya. Ka samu wanda ya san gini ya zo ya gani da idonsa, ka kuma sanar da mai gidan tun kafin ka shigo da shi. In lita 540 ta zube a sama, silin da wayoyin wutar maƙwabcinka na ƙasa ne za su sha.

Teburin kuma shi ne inda na fi ganin ana sakaci. Katakon nan na garin katako da ake matsewa, da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi laushi, kuma tanki ba ya rabuwa da ɗigon ruwa. Katako na gaske kuma gara tana cinsa ta ciki ba ka sani ba. Na fi son mai walda ya haɗa maka na ƙarfe mai kauri, a yi masa fentin hana tsatsa, a shimfiɗa katako mai ƙarfi a sama. Ka ari ma'aunin magina mai ɗigon ruwa ka gwada shi ta tsawo da ta faɗi. Kada ka yarda da tayil, sau da yawa yana da gangare. Teburin da ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta ko da kaɗan ne, zai sa nauyin ya taru a kusurwa ɗaya, kuma sabon tanki ma ba zai daɗe a kansa ba.

Ɗalibi (Sakkwato):
Yallabai, me zai hana ya bar gilas ya nemi na roba mai garai-garai ɗin nan, akirilik? Na ji an ce shi ba ya fashewa har abada.

Injiniyan gini (Abuja):
Ƙanena, akirilik yana da nasa alherin. Bai kai gilas nauyi ba, yana jure bugu, kuma ba da silikon ake haɗa shi ba, wani sinadari ne yake narkar da bakunan su zama abu ɗaya. Don haka yakan fi daɗewa. Amma yana karcewa da wuri, ƙwayar yashi ɗaya a jikin soso ta isa, kuma in ana goge shi da sifirit ko ruwan wanke taga sai ya yi ƙananan tsage-tsage. Maganar har abada kuwa babu ita. A Disamba 2022 wani katafaren tankin akirilik da ake kira AquaDom ya fashe a cikin wani otal a Berlin ta ƙasar Jamus. Ruwa kusan lita miliyan ɗaya ya malalo har titi, kifaye wajen 1,500 ne a ciki, yawancinsu suka mutu. A 2003 aka buɗe shi, ƙwararru ne suka gina shi suke kuma kula da shi, bai cika shekara 20 ba. Ban da haka, samun wanda ya iya haɗa babban akirilik a nan ya fi samun mai gilas wuya.

Mai tambaya (Kaduna):
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na je na duba kamar yadda Malam mai gilas ya ce. Kaurin gilas ɗin milimita 10 ne. Akwai sandar gilas a tsakiya ta sama, amma ɓangarenta na baya ya saki, ina taɓawa tana motsi. A kusurwar ƙasa ta hagu na ga kumfa a jere, tsawonsu kamar ɗan yatsa. Silikon na lungu kuma yana ɗagowa a wurare da dama. Bakunan gilas ɗin duk lafiya, ba inda ya ɓantare. Wani mai gyaran taga a unguwarmu ya ce in kawo ya ƙara masa silikon a kan na da, aikin awa ɗaya ne. In ba shi?

Mai aikin gilas (Kano):
A'a Malam, kada ka ba shi. Sabon silikon ba ya kama tsohon da ya riga ya bushe. Zai kwanta a kai ya yi kyau a ido, ruwa kuma ya bi ta ƙarƙashinsa. Kuma ko ya kama, na lungu kawai ya taɓa, kumfan da ka gani a cikin mahaɗa suke.

Yadda ka kwatanta, tankin nan a halin da yake ciki bai kamata a cika shi ba, ko don gwaji. Sandar da ta saki ita ce take hana gilas ɗin gaba da na baya bankarewa in ruwa ya cika. Milimita 10 a tsayin santimita 60 da tsawon 150 yana yi, amma da sharaɗin sandar tana riƙe. Ba ita, tsakiyar gilas ɗin zai turo ciki waje, ya ja mahaɗar da dama ta raunana.

Abin farin cikin shi ne gilas ɗinka lafiyayye ne, kuma shi ne mai tsadar. A warware tankin gaba ɗaya, falle biyar da sandar. A kankare tsohon silikon da sabuwar reza har sai yatsa ya daina jin santsi, a goge bakunan da sifirit, a bari su bushe, kada a sake taɓa su da hannu. Nan ne aikin yake, yakan ci yini guda ko fiye, kuma wanda ya yi gaggawa a nan ya ɓata sauran. Sai a sake haɗawa, a bar ɗan siririn tazara tsakanin fallayen don silikon ya samu wurin zama, kada a matse gilas ya taɓa gilas. Ni da zan yi, zan ƙara siraran sanduna a tsawon bakin sama, gaba da baya. In aka yi haka da kyau, lissafin shekarunsa ya koma farko.

Wajen sayen silikon ka tsaya da kanka. Ka nemi wanda aka rubuta na tankin kifi ne, ko zallan silikon mai warin tsami. Ka guji na banɗaki da kicin wanda aka ce yana hana baƙin fumfuna, maganin da ke cikinsa yana kashe kifi. Ka duba kwanan watan lalacewa a jikin robar, don wanda ya kwana biyu a shago ba ya bushewa daidai.

Mai kiwon kifi (Maraɗi):
Ƙari kaɗan a kan na Malam. Ka yi tunanin kifin da za ka zuba tun yanzu, don wasunsu suna kai shekarun tankin. Jan kifin ado da aka fi sani yana haura shekara 10 in ya samu kulawa, ka ga wata rana za ka nemi inda za ka juye su a sake gyara. Ka tanadi babbar roba da ƙaramin famfon iska mai batir, zai yi maka amfani ranar gyara da ranar da aka ɗauke wuta. Soket kuma a ɗaga shi sama da bakin tebur, wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau zuwa soket ɗin, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa. Saboda mai rarrafe, a yi wa teburin ƙofa mai makulli, tankin kuma a yi masa murfi.

Mai tambaya (Kaduna):
Na gode ƙwarai. Na yi magana da mai gida, ya ce a kawo injiniya ya duba. In an haɗa, kwana nawa zan jira kafin in zuba ruwa?

Mai aikin gilas (Kano):
A jikin robar silikon ɗin za ka ga an rubuta awa 24 ko 48, wannan na siririn shafi ne. Babban tanki ka ba shi mako guda cur. In a hunturu aka yi aikin ka ƙara wasu kwanaki, domin da damshin iska silikon yake bushewa, iskar hunturu kuwa ba damshi. In ka sa hanci a ciki kana jin tsami, bai gama ba.

Gwajin farko a tsakar gida za a yi shi, a ƙasa, a kan teburin da zai zauna a kai, yara kuma su yi nisa. Ka shimfiɗa farin soson nan na cikin kwalin firji tsakanin tankin da tebur, ka sa takarda a kewaye don ɗigo ya nuna. Ka zuba kashi ɗaya cikin uku ka bar shi ya kwana, washegari ka ƙara, rana ta uku ka cika. Ka auna faɗin tankin a gefe da kuma a tsakiya kafin ruwa da bayan ya cika, in tsakiyar ta buɗe sosai ka rage ruwan nan take ka kira wanda ya haɗa. Ya yi mako a cike. Ranar hawa bene a kwashe komai, ruwa da tsakuwa duka, maza huɗu su ɗauke shi a kan faffaɗan katako, kada kowa ya riƙe shi ta sandar sama.