Goge foldar da sunanta ya ƙi gogewa a Linux

Yawancin shawarwarin da aka bayar kan yadda za a goge folda mai baƙon suna sun tsaya ne a kan abu guda: tasha, wato wurin rubuta umarni, ita ce ke yi wa alamomi irin su *, $ da sarari wata fassara tun kafin rm, umarnin gogewa, ya ga sunan. Maganin farko shi ne a rufe sunan da ɗaurin magana guda guda: rm -r 'tsohon aiki$'. Wasu sun fi son rubuta harafin farko su danna Tab, tasha ta cike sauran.

Idan sunan ya fara da karan ɗori, rm zai ɗauka zaɓin umarni ne, ba suna ba. Sai a rubuta rm -r ./-suna.

Inda abin ya gagara, misali harafin da ba ya bayyana a allo, ls -i zai nuna lambar inode, wato lambar da Linux ke gane kowane fayil ko folda da ita, sannan find . -inum lambar -exec rm -r {} + ya ƙarasa aikin.

Gargaɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na folda mai suna ~. Wanda ya rubuta rm -r ~ kai tsaye, gaba ɗaya foldar gidansa zai share, domin tasha na fassara ~ a matsayin foldar da ke ɗauke da fayilolinsa, kuma rm ba shi da kwandon shara. A rubuta ./~, a fara gwadawa da ls -d tukuna.