Don Allah a taimaka, tsuntsayen nan guduna suke

Sabon Shiga: Salam 'yan uwa. Wata biyu kenan ina zuwa kallon tsuntsaye a wani kududdufi a bayan gonar wani dattijo, da kyar ma ya yarda sai da na je sau uku don ya ɗauka kifi zan kwasa, ranar farko har ɗansa ya bi ni a baya. Madubin hangen nesa 8x42 na saya, na hannu, ido ɗaya ma hazo yake. To ina isa agwagin ruwa sai su tashi gaba ɗaya, ƙananan nan masu dogon baki da ke caccakar laka kuma duk kamarsu ɗaya. Ga ruwan sai ja yake, kar su wuce ban gan su ba.

Baban Ilham: Ƙarfe nawa kake zuwa? Ka je da sassafe, rana a bayanka, ka zauna wuri ɗaya shiru. Jan ruwan nan alheri ne, laka suke bi don tsutsa. Shekarata 15 a harkar nan.

Sabon Shiga: Sai ƙarfe ɗaya nake samun fita yallaɓai. Kuma ai a hankali nake tafiya.

Maman Walid: Kai ka ma samu mai gona mai mutunci. Namu tafkin injin ban ruwa aka sa aka zuƙe shi tas cikin sati, ko balbela babu yanzu.

Baban Ilham: Tsakar rana? Turirin zafi kaɗai ya isa ya hana ka gani. Tsuntsun da ya keto dubban kilomita ya sauka ya ci ya yi kitse, kai kana tashinsa. A 2022 akwai wanda ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, kwana 11. Ka daina kallon launi, tsawon baki da kalar ƙafa za ka duba.

Ɗan Ƙauye: Ni dai Merlin, manhajar gane tsuntsaye, za ka sauke a waya, ka matsa kusa ka ɗau hoto ya faɗa maka.

Baban Ilham: Ya matsa kusa? Haba ƙanena. Zakaran ƙeƙuwa ɗaya ya yi ihu duk sun watse.

Sabon Shiga: Nagode, amma ni gani nake madubin ne matsalar. Jiya ma ɗan dattijon ya ce kar na ƙara kawo mutane, alhali mutum ɗaya ne kawai.

Maman Walid: Wane mutum kuma?