Mai rijiya ko mai hanya: wa ke da iko da bututun mai?

Malam:
Assalamu alaikum. Maganar da muka fara jiya ba mu ƙarasa ba, kuma ina nan a kan bakana. Duk ƙasashe biyun da bututun mai ya haɗa, da wuya rigimarsu ta kai a rufe shi, domin kowa yana cin moriya. Mai rijiya yana sayar da ɗanyen mansa, mai hanya yana karɓar kuɗin wucewa a kan kowace ganga. Ku dubi Chadi da Kamaru. Tun 2003 man Doba da ke kudancin Chadi ke bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa teku a Kribi ta Kamaru. An samu saɓani, har Chadi ta kira jakadanta gida a 2023, amma ba a rufe bututun ba.

Hajiya:
Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, misali ɗaya ka ɗauko ka bar wanda ya fi shi ciwo. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man tsohuwar Sudan, amma bututu da tashar lodi duk suna arewa. Khartoum ta nemi fiye da dala 30 a kan kowace ganga, Juba ta ce ko dala ɗaya ba za ta cika ba. Da Khartoum ta fara ƙwace man tana cewa a bakin bashinta ne, sai Juba ta rufe rijiyoyinta gaba ɗaya a Janairun 2012, wajen ganga 350,000 a rana. Ƙasar da kashi 98 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatinta daga mai yake, ta zauna fiye da shekara ba ta sayar ba. Dukansu biyu sun san za su yi asara, kuma sanin bai hana su ba.

Injiniya:
Hajiya ta taɓo inda nake so. Mutane suna ɗauka rufe bututu kamar rufe famfon ruwa ne, gobe a murɗa ya zubo. Na yi shekaru ina aiki a tashar tura mai, kuma abin da muka fi tsoro shi ne injin ya yi shiru. Akwai ɗanyen man da ke da wani abu mai kama da kakin zuma a cikinsa. In ka ɗebo shi da zafinsa a kwalba yana motsi kamar ruwa, ka ajiye ya huce, sai ka kifa kwalbar ko ɗigo ba ya fita. To, ka ƙaddara hakan ya faru a cikin ƙarfe mai tsawon ɗaruruwan kilomita a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya samu man Sudan ta Kudu ke nan a farkon 2024: yaƙin Sudan ya hana tashoshin da ke ɗumama shi samun man dizil, man ya daskare, bututun ya fashe, aka shafe kusan shekara kafin a ci gaba. Babu shugaban da ya ba da umarnin rufewa a wannan karon, wutar gidan maƙwabci ce ta ci.

Auta:
Ni ma ina bayan Hajiya. Bututun Nijar zuwa Benin, kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin Agadem zuwa tashar Seme a gaɓar tekun Benin, kamfanin CNPC na Sin ya gina shi don fitar da ganga 90,000 a rana. Ana gama shi ya faɗa cikin rikicin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. A Mayun 2024 Shugaba Talon na Benin ya hana jiragen ruwa yin lodi saboda Nijar ta ƙi buɗe iyakarta. A Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, Yamai ta rufe bututun daga nata ɓangaren. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Malam:
Auta, ƙarasa labarin mana. A watan Agusta na shekarar aka koma lodi, alhali iyakar ƙasa tana nan a rufe. Motocin kaya ba sa wucewa, amma mai yana wucewa ta ƙarƙashin ƙasa. Me ya jawo haka in ban da abin da nake faɗa? Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a Afrilun 2024 da sharaɗin za ta biya da mai, Benin na son kuɗin wucewa, Sin na son dukiyar da ta zuba. Haka bututun Druzhba: bayan yaƙi ya ɓarke a 2022, man Rasha ya ci gaba da ratsa Yukren zuwa Hungari da Silobakiya, Yukren tana karɓar kuɗin hanya daga ƙasar da ke kai mata hari.

Hajiya:
Na yarda ana komawa, Malam. Tambayata ita ce, a kan sharaɗin wa? Kafin a binne bututu, mai rijiya ne ake lallashi. Uganda ta sa Kenya da Tanzaniya suna ta zawarcinta kafin ta zaɓi hanyar Tanga ta Tanzaniya a 2016. Ranar da aka rufe ramin da ƙasa kuwa, zaɓi ya ƙare, ba a ciro shi a kai wani wuri. Kamarun da ka yaba, a kan santi 41 na dala kowace ganga aka fara da ita, a 2013 ta mayar da shi dala 1.30, Chadi ba ta da wata hanyar da za ta ce za ta bi. Ni ban kira wannan zumunci ba, dole ce, kuma talakan ƙasar da ba ta da teku shi ke jin jiki duk ranar da aka ja igiyar, domin albashi da magani su ake fara jinkirtawa.

Auta:
Injiniya, ina da tambaya a gefe. Amurka ce ta fi kowa haƙo mai a duniya, me ya sa har yanzu take shigo da kusan ganga miliyan 4 a rana daga Kanada?

Injiniya:
Matatar mai ba ta shan kowane irin ɗanye, ƙanina. Man da Amurka ke haƙowa yanzu mai sauƙi ne, matatunta da yawa kuwa an gina su ne don mai nauyi, an kashe biliyoyi a na'urorin fasa shi. Sai ta sayar da nata waje, ta sayo na lardin Alberta na Kanada, wanda sai an sirka shi kafin ya iya gudu a bututu. Kuma tambayarka ta kawo mu ga abin da Malam da Hajiya ba su taɓa ba. Kanada tana da teku gabas da yamma, duk da haka ta shiga hannun mai saye guda ɗaya, domin kusan duk bututunta kudu suka nufa. Bututun Keystone XL, da aka tsara zai ɗauki ganga 830,000 a rana daga Alberta zuwa Amurka, Obama ya ƙi shi a 2015, Trump ya amince a 2017, Biden ya soke izininsa ranar da ya hau mulki a 2021. Gwamnatin Alberta ta yi asarar fiye da dalar Kanada biliyan ɗaya a kansa. A ƙarshen 2018 da bututu suka cika maƙil, an sayar da man Alberta ƙasa da farashin Amurka da fiye da dala 40 a ganga, har gwamnatin lardin ta tilasta rage haƙowa. Masu adawa da bututun suna da hujjarsu, ruwan ƙarƙashin ƙasa na jihar Nebraska a Amurka da filayen 'yan asalin ƙasar. Sai dai man da bai samu bututu ba yakan hau jirgin ƙasa, kuma a 2013 jirgin mai ya kashe mutum 47 a garin Lac-Mégantic na Kanada.

Hajiya:
Madalla. Ashe mai iko shi ne wanda ke da hanya ta biyu. Shi ya sa Kanada ta sayi bututun Trans Mountain ta faɗaɗa shi zuwa gaɓar yamma, ya fara aiki a Mayun 2024.

Malam:
A kan dalar Kanada biliyan 34, Hajiya. Wace ƙasa cikin waɗanda kike tausayi ke da wannan kuɗin? Wanda ba zai iya gina hanya ta biyu ba, ai gara ya riƙe ta farko da kyau, ya ware ta daga sauran rigingimu kamar yadda aka yi a Seme.

Auta:
Amma a 2024 Nijar da Chadi sun sake tayar da maganar haɗa Agadem da bututun Doba.

Injiniya:
Sun tayar. Sai dai ka duba taswira, Auta: ta Benin iyaka ɗaya man zai ƙetare kafin ya ga teku, ta Doba kuwa biyu ce, Chadi sannan Kamaru, kowacce da nata kuɗin wucewa. Ga kuma tambayar wa zai biya ginin, tunda kamfanin da ke haƙo man shi ne ya riga ya zuba kuɗinsa a hanyar Seme.