Maƙeri ya ɓatar da sarƙar Hajiyarmu, ina zan dosa?

Mai tambaya, Kubwa: Assalamu alaikum jama'a. Sarƙar zinarin da Hajiyarmu ta bar mini, Allah ya jiƙanta, na kai wa wani maƙeri a kasuwar Wuse ya gyara. Yau da gobe, daga ƙarshe ya ce yaron shagonsa ya gudu da ita, in yi haƙuri, ƙaddara ce. Wanda irin wannan ya taɓa samu, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Ɗan'uwanku a Nyanya: 'Yar'uwa, ƙaddara ba ta ɗauke biya. Ni babbar rigar mahaifina mai wanki ya salwantar. Malaminmu ya nuna mini cewa a mazhabar Malikiyya, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane yana aiki a kansu shi ke lamuninsu, sai in ya kawo shaidun cewa ba da sakacinsa suka halaka ba. Da wannan na tunkari shugabannin ƙungiyarsu, suka sa ya biya. Yaron shagon nan, maƙerin ne ya ɗauke shi aiki, ba ke ba.

Maman 'yan biyu, Gwarinpa: Tawa waya ce, cike da hotunan marigayi maigidana da muryarsa. Mai gyaran ya nuna mini bayan rasit, wai an rubuta ba ruwansu da abin da ya ɓata. Na kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, a nan Abuja. Dokar 2018 da ta kafa ta ta ce irin wannan sharaɗi dole a jawo hankalin mutum gare shi tun kafin a ƙulla ciniki. Ni ba wanda ya nuna mini. An biya ni kuɗin waya. Hotunan kam, har yau in na tuna sai na yi kuka.

Kawu, Karu: 'Yata, ki shirya zuciyarki: kotu giram da farashin zinari za ta fi dubawa, ƙunar rai wuyar aunawa gare ta. Ki sa ya amsa a rubuce cewa ya karɓa, ko ta WhatsApp ne. Ni da baki muka yi, mutumin ya musanta a gaban alƙali.

Mai tambaya: Na gode, Kawu. Rasit yana nan, sai dai bai rubuta giram ba. Akwai hoton Hajiya sanye da ita ranar bikina. Zai wadatar?